Sunan Ɗan Fari

Sharafiyya, Jidda,
Farkon watan Rajab.

Zuwa ga ƙanwata Rahama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Gwadabe da yara baki ɗaya. Yaya Malumfashi, yaya zirga-zirgar asibiti? Allah ya saka miki da alheri, ya bar zumunci. Ni ma ina nan ƙalau, in ban da gwiwar nan da ta ƙi jin magani. Zakiya da mijinta Badr suna gaishe ku.

Na ɗauki biro ne saboda saƙon murya ba shi da sirri a gidanku, kowa sai ya kawo kunne. Wannan takardar hotonta zan ɗauka in turo miki, ki karanta ke kaɗai.

Na ji abin da kika ce game da yaron Iya, cewa likitocin Katsina sun tabbatar ƙodarsa ce, sai an riƙa yi masa wankin jini. Tun ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Amma maganar da kika ƙara daga ƙarshe ta fi ciwon ƙona mini rai. Wai ya ce miki har ya mutu ba zai ji sunansa a bakin uwar da ta haife shi ba. Wai ya kalli bidiyon sunan 'yar Zakiya, ya ji mata suna kirana Ummu Zakiya, ya ce ashe shi ba a lissafi da shi.

Rahama, yaushe aka fara kiran sunan ɗan fari? Kin taɓa jin marigayiya Iya ta kira sunan babban yayanmu? Har ta koma ga Allah "wancan" take ce masa, kuma bai taɓa kai ƙara ba. Ni ma abin da na tarar na bi. Da na yaye shi na miƙa wa Iya, kamar yadda kowace mai kunya take yi. Da muka zo ƙasar nan muka zauna, na tarar Larabawa da sunan babban ɗa suke kiran mace. Suka tambaye ni, na ba su na ƙanwarsa da na haifa a nan, don ba zan wuni ina amsa sunan da bakina bai isa ya faɗa ba. Wannan girmamawa ce, ki fahimtar da shi.

Kin san tun rasuwar babansu nake aikin shara da wanki a gidajen mutane. Yanzu gida biyu gare ni a bene ɗaya, ƙofa na kallon ƙofa, duka na baƙi. Uwar ɗakina ta farko ma'aikaciyar jinya ce, baƙar fata kamar mu, daga wata ƙasa wai ita Lesoto, can ƙurewar kudancin Afirka. Ta ce ƙasar duk duwatsu ce, sanyi har ƙanƙara ke zuba, babba da yaro da bargo suke yawo kamar yadda muke yafa gyale. Larabcinta na asibiti, nawa na kasuwar Balad, haka muke lallaɓawa. Kuma Allah da ikonsa, a sashen masu ciwon ƙoda take aiki. Ta ce ku rage masa gishiri, ku daina ɗura masa jiƙe-jiƙe, kada kuma a tsallake ranar wanki ko da ya ce ya ji sauƙi.

Sunanta Matabiso, yarensu Sesoto, ta kuma rantse sai ta koya mini. In na shiga da safe sai ta ce dumela mme, wato sannu uwa. Sai ta ce o kae, wai kina ina, ni kuma in ce ke teng, ina nan. Na ce mata wannan ai namu kuka sata, mu ma in an tambaye mu cewa muke muna nan. Godiyarsu kuwa kea leboha, wadda har yau take karya mini harshe, ita ko ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Sunan nata ne ya kawo ni labarinta. Ashe ba shi aka raɗa mata ba. A garinsu in mace ta yi aure, dangin miji ke ba ta sabon suna, Ma wane, wato uwar wane, in ɗan fari ya zo sai a sa masa wannan sunan. Tabiso ɗanta ne na fari. Ki ji fa, mace ta wuni ana ƙwala mata kira da sunan ɗan fari tana amsawa da fara'a! Da na ba ta labarin yadda muke yi, sai ta saki baki, ta tambaye ni to ta yaya yaron zai san ana son sa. Na ce ai labarin zuciya a tambayi fuska. Ta ce yaushe rabonsa da ganin fuskar. Na ɗauki tsintsiyata na shige ɗaki, don na lura bakin matar nan ba shi da linzami.

Na ba wata mai umara 'yar Funtuwa ruwan zamzam da dabino ta kawo muku. Ki gaishe mini da Sadiyya, ki ce ina yi mata sannu da jinyar miji, ki shafa mini kan 'yarsu Mubina. Shi kuma ki ce ana yi masa addu'a.

Yayarki,
Inno.

Sharafiyya, Jidda,
Farkon watan Sha'aban.

Zuwa ga Rahama,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ku lafiya. Yaya mai jiki? Yaya Sadiyya da ɗawainiya? Allah ya sa kaffara ne.

Ke kika miƙa masa waya ranar Asabar, saboda haka kin ji rabin abin da ya faru. Bari in ba ki rabin da ba ki sani ba, amma sai na fara daga ranar Juma'a.

Ɗaya uwar ɗakin nawa, maƙwabciyar Matabiso, sunanta Kehau. Ba baƙa ba ce, ba kuma Baturiya ba, gashinta har gadon baya. Daga Hawai take, wasu tsibirai a tsakiyar teku da ke ƙarƙashin Amurka. Aikinta nutso a Bahar Maliya tana duba duwatsun murjani, irin waɗanda aka gina tsofaffin gidajen Balad da su. Wai rai gare su, har ciwo suke yi. Su ma suna da yarensu daban da Turanci. Kalma ɗaya, aloha, da ita ake gaisuwa, da ita ake bankwana, da ita ake nuna ƙauna. Na ce lallai ku ba ku da ɓarna. Godiya kuma mahalo, wannan ba ta ba ni wahala ba.

Ranar Juma'a sukan sha shayi tare, su tilasta mini zama. A nan Matabiso ta tona ni, ta kwashe labarin kunyar ɗan fari ta ba Kehau. Sai Kehau ta ce ai su ma a da, ɗan fari na kakanni ne. Hiapo suke ce masa, riƙon kuma hanai, wato ciyarwa. Ita kanta 'yar fari ce, kakarta ta riƙe ta, tutu suke ce wa kaka. Har na gyara zama, na ce wa Matabiso to ga shi nan, ba mu kaɗai ba ne.

Ashe na yi saurin murna. Kehau ta ce lokacin da kakar take yarinya, dukansu ake yi a makaranta in sun yi yarensu, sai Turanci. Da ta girma sai ta kulle yaren a cikinta, ba ta yi da 'ya'ya ba, ba ta yi da jika ba, don kada su sha irin wuyar da ta sha. Kehau ta tashi tana jin tsohuwar na hira da ƙawayenta, in ta matso sai a yi shiru. Ta ɗauka ita ce ba ta kai a yi da ita ba. Sai bayan rasuwar kakar ne Kehau ta shiga aji da girmanta ta koya, don yanzu an farfaɗo da yaren, har makarantun yara ƙanana aka buɗe. A lokacin ne wata ƙawar tsohuwar ta gaya mata cewa ranar da aka haife ta, kakar ta tsara mata kirarin suna irin na al'adarsu, amma ba ta taɓa rera mata ba. Ƙawar ma rabi kawai ta iya tunawa. Kehau ta ce suna da karin magana, wai a cikin magana rai yake, a cikin magana mutuwa take.

Na ce musu kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, na kwashe kofuna. Amma a mota har Sharafiyya tsohuwar nan nake gani. Ta yi shiru don ƙauna, yarinya kuwa shirun kawai ta ji.

Shi ya sa na ce ki ba shi waya. Kafin in kira, na rufe ɗaki na gwada ni kaɗai, ba kowa sai fanka. Wallahi Rahama, ko a nan sunan bai fito ba, sai in ji kamar Iya tana tsaye a bayana. Na ce in na ji muryarsa zai fito. Da na ji muryar, yadda ta shaƙe ta zama ta tsoho, sai bakina ya koma hanyar da ya saba. Na ce kai, yaya jiki. Kin ji amsar da ya ba ni. Ya ce da sauƙi, Ummu Zakiya.

Ban yi fushi ba, kuka na yi. Na san abin da yake tunawa. Ranar da za mu taho ƙasar nan yana ɗan yaro, na yi sallama da kowa har maƙwabta, shi kuma da ya riƙe mini zane na ce kai, matsa, don gidan cike yake da surukai. Bai san har Kano mayafina a jiƙe yake ba. Ina son yaron nan fiye da yadda nake son idona, ke kaɗai zan iya rubuta wa haka.

Ki gaida kowa da kowa. Kada ki karanta masa wannan.

Yayarki,
Inno.

Sharafiyya, Jidda,
Ƙarshen watan Sha'aban.

Zuwa ga Rahama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da jinya, ina yi muku barka da gabatowar azumi. Na ga hoton da kika turo. Ƙafafun nan da fuskar nan ba na ɗana ba ne. Allah ya dube mu da idon rahama.

Na yanke shawara, gida zan dawo. Kin san ba ni da iƙama, zaman takari nake yi, saboda haka ba tikiti kawai zan yanka in hau jirgi ba. Sai na kai kaina, an yi mini takardar tafiya, sannan a fitar da ni, kuma in na fita ba dawowa. Badr ya kai ni na ba da suna, an ce in jira. Zakiya ta yi kuka har ta gode Allah, tana ta yi mini Larabci cewa zan bar ta da jaririya. Na ce mata halas, ya isa haka, ke kin sha nono kin sha suna, ki bar ni in je.

Akwai abin da na gano da ya kashe mini jiki. Ina goge hoton Tabiso da ke kan teburin Matabiso, sai na yi mata tsiya, na ce wannan ɗa da ake ta yi mana tutiya da shi, ban taɓa jin ya kira waya ba. Sai ta zauna. Ashe ya daɗe da rasuwa. Ya tafi aikin haƙar zinare a Afirka ta Kudu, rami ya rufta da su. Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Na tambaye ta yaya take iya jure jin sunan kullum. Ta ce ai shi ke riƙe da ita. Duk sanda aka ƙwala mata kira a asibiti, an kira shi ke nan, kuma duk duniya nan kaɗai ya rage ana kiransa.

Daga nan ta juyo kaina. Ta ce kada in jira takarda, in ɗauki waya yau ɗin nan in kira shi da sunansa, don ta ga masu irin ciwon nan da yawa, kuma hoton da na nuna mata bai yi mata daɗi ba. Na ƙi. Abin da na riƙe tun ran da aka raɗa masa shi, ba zan zubar da shi ta waya ba, murya na yankewa ana halo halo. So nake in zauna a bakin gadonsa, in ɗora hannu a kansa, in faɗa yana kallona. Ta ce ni da taurin kai kamar jakin dutsen garinsu. Na ce na ji, ai ba yau aka fara faɗa mini ba.

Ita da Kehau sun riga sun yi mini walimar bankwana, ko da yake zan ci gaba da zuwa aiki har takarda ta fito. Matabiso ta koya mini sallamarsu. Mai tafiya shi ke cewa sala hantle, zauna lafiya, wanda aka bari ya ce tsamaya hantle, tafi lafiya. Kehau ta ce ita a hui hou za ta ce, sai mun sake haɗuwa. Ta rataya mini sarƙar furanni a wuya kamar wata amarya, ni da furfurata. Matabiso kuma ta ɗauko bargon garinsu mai kauri, wanda ta zo da shi tun farkon zuwanta, ta ce in kai masa, masu wankin jini sanyi suke ji. Na ce kea leboha, kuma ranar ba ta yi mini dariya ba.

Ki ce masa ina tafe. Ki ce ya jira ni, akwai saƙon da zan ba shi baki da baki.

Yayarki,
Inno.

Sharafiyya, Jidda,
Cikin watan azumi.

Zuwa ga ƙanwata Rahama,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya haƙuri? Yaya Sadiyya, yaya Mubina? Ina yi muku gaisuwa, ku da kuka yi jinya kuka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi. Ni ina nan, haƙuri ya zama dole.

Tun ranar ba mu yi maganar kirki ba, da na ji muryarki sai kuka ya ƙwace mini. Bari in rubuta.

Lokacin da kika kira, ina gidan Matabiso ina guga, an idar da la'asar a nan. Kika ce tun safe bai yi magana ba, bai buɗe ido ba, likita ya ce a kira dangi. Wayar ta faɗi daga hannuna. Matabiso ce ta ɗauka ta mayar mini, ta ce a saninta kunne ne ke ƙarshen tafiya, in yi magana. Ta zare wayar dutsen guga, ta fita ta ja mini ƙofa. Na ce ki kara masa a kunne.

Ban san ta inda ya fito ba, Rahama. Na ce Idrisu. Na ce Idrisu, ni ce uwarka, ni ce Inno. Na ce kai ne na fari, kai ka fara sa aka kira ni uwa, ban taɓa wuni ban tuna ka ba. Na yi ta maimaita sunan kamar mai biya karatu, sai na ji ashe ba shi da nauyi ko kaɗan, suna ne mai daɗi a baki. Ba abin da nake ji daga can sai kukanki da na Sadiyya. Kafin ku sha ruwa kika sake kira kika ce ya cika.

Da na ji maganar matar nan tun a Sha'aban, da ya amsa mini. Da na sani ƙeya ce.

Mun yi zaman makoki a ɗakina. Matan unguwa sun cika, namu da Larabawa, kowa na cewa sannu Ummu Zakiya. Ana haka sai ga Matabiso da Kehau sun shigo su biyu cikin abaya. Kehau ta riƙe hannuna ba ta ce komai ba sai a hui hou, na kuma san ba da ni take ba. Matabiso kuwa ta durƙusa a gabana, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce dumela Ma-Idrisu, o kae. Tsofaffin garinmu suka kalli juna, wata har da riƙe haɓa. Na ce ke teng. Daga nan na gaya wa matan unguwa cewa ina da ɗa namiji, shi ne babba, sunansa Idrisu, kuma da shi za a riƙa kirana.

Takardar tafiya ta fito bayan an share makoki. Zakiya ta ce to yanzu me zan je yi. Duk da haka ina tafe bayan salla in Allah ya yarda. Ina so a nuna mini inda aka sa shi. Bargon yana cikin jakata, Mubina zan ba. Ki ce wa Sadiyya ta riƙa kiran yarinyar nan da sunanta, ta kira ta da safe ta kira ta da yamma. In tsofaffi sun yi magana ta ce ni na sa ta, su jira ni in iso.

Abu ɗaya nake roƙonki, don girman zumunci. Ke ce kike riƙe da wayar a kunnensa, ke kike kallon fuskarsa. Ya ji? Ko fatar idonsa ta motsa, ko yatsa, ko numfashinsa ya canja? In bai ji ba, ki ce mini bai ji ba. Kada ki yi mini ƙaryar tausayi, don zan gane a fuskarki ran da na iso.

Ki gaida Malam Gwadabe da duk wanda ya tsaya mana. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Inno, uwar Idrisu.